Tantanin idon Baba ya ɓalle: gas za a sa, mai, ko ɗamara?

Maman Hanifa, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimaka mana da shawara. Mahaifinmu ne, shekarunsa 62. Kwanakin baya ya riƙa cewa yana ganin walƙiya ta gefen idonsa na dama, ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige da ke bin duk inda ya kalla, muka ɗauka hawan jininsa ne. Shekaranjiya kuma ya wayi gari ya ce wani duhu ya taso masa daga ƙasa, ya fara cin gefen abin da yake kallo. Babu ciwo, idon bai yi ja ba. Jiya likitan ido a nan Gombe ya ɗiga masa magani ya duba, ya ce tantanin gani da ke can bayan ido ne ya yage, ya fara ɓallewa. Ya ba mu takardar zuwa Kaduna, ya ce mu yi hanzari, can za su duba ko gas za a sa masa, ko mai, ko ɗamara. Ni ko ɗaya ban gane ba. To ga inda gizo ke saƙar: Baba ya riga ya biya kuɗin Umara, saura mako 3 su tashi. Yayanmu ya ce a bari ya je ya dawo tukuna, tunda har yanzu da idon yake karanta Alƙur'aninsa.

Abban Sadik, Bolari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni bakina ɗaya da Yayanku. Tsohuwarmu ta daɗe da yanar ido kafin a yi mata aiki, kuma da aka cire tangaran take gani. Ya je ya yi ibadarsa, ya wanke idon da Zamzam, ya kai kukansa gaban Ɗaki. In ya dawo sai a yi aikin a tsanake. Ido ba a yi masa garaje.

Anti Nas, Wunti:
Abban Sadik, don girman Allah kada ka haɗa wannan da yana. Yana a gaban ido take, tana jira, don bayan idon lafiyarsa ƙalau, ana cire ta gani ya dawo. Wannan kuwa abin da ke ɗaukar ganin ne da kansa ya rabu da inda yake samun jini. Maman Hanifa, ki kira Yayanku yanzu yanzu. Karatun da kika ce Baba yana yi da idon shi ne ma dalilin gaggawar.

Likitan Ido, Bauchi:
Allah ya sawwaƙe. Anti ta faɗi gaskiya, bari in ɗan warware.

Tantanin nan, ratina, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, a shimfiɗe yake jikin bangon ido ta ciki. A gabansa akwai wani ruwa mai yauƙi da ya cika ƙwayar ido. Idan shekaru suka ja, ruwan yakan tsinke ya janye daga jikin tantanin, kuma a wajen janyewar ne wani lokaci yake fizgar sa har ya yage. Fizgar ita ce walƙiyar da Baba ya riƙa gani. Da an samu yaga, ruwa ya samu ƙofa, sai ya dinga shiga ta baya yana ɗaga tantanin, kamar yadda damshi ke bi ta tsagar bango ya kumbura yaɓe har ya zubo.

Abin da ya fi tsaya mini a maganarki shi ne duhun da ya taso daga ƙasa. Ido a kife yake ɗaukar hoto, don haka ɓangaren sama ne ya ɓalle. Irin wannan ya fi gudu, saboda nauyin ruwan yana gangaro da shi ƙasa, zuwa tsakiya. A tsakiyar nan akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, da shi ake karatu, da shi ake gane fuskar mutum. In aka yi aiki kafin ruwan ya iso makula, galibi mutum yakan tsira da ganinsa. In kuwa ya iso, ko an mayar da tantanin daram, ba lallai ganin ya koma yadda yake ba. Shi ya sa wanda makularsa ke nan ake ƙoƙarin shiga da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Mako 3, a ɗora kwanakin Umara a kai, ya isa tabo ya fito a kan tantanin ya tattare shi ya taurara. Tabon nan shi ne babban abin da ke kayar da aikin ratina a ko'ina a duniya.

Maman Hanifa, Tumfure:
Innalillahi. Likita na gode, na tura wa Yaya wannan bayanin. To su gas ɗin da man da ɗamarar fa? Wanne ya fi?

Likitan Ido, Bauchi:
Hajiya, manufar duka ɗaya ce: a nemo yagar, a liƙe bakinta da leza ko da daskarewa, sannan a samu abin da zai danne wurin har liƙin ya kama, wanda kan ɗauki kamar kwana 10 zuwa 14. A kan abin dannewar ne hanyoyin suka rabu.

Wanda aka fi yi wa masu shekarun Baba shi ne aikin ta ciki, bitirektomi. Ana huda ƙananan ƙofofi uku a farin ido, kowace ba ta kai milimita ɗaya ba: ta ɗaya ruwa ke shiga don kada idon ya lotsa, ta biyu fitila, ta uku na'urar da ke yanka ruwan yauƙin tana tsotse shi. In an kwashe shi, babu sauran mai fizga. Sai a zuƙe ruwan da ya shiga bayan tantanin, ya koma ya kwanta, a zagaye yagar da leza, sannan a cika idon da gas ko da man silikon. Gas jiki ne ke shanye shi da kansa. Akwai SF6 mai kamar mako 2, akwai C3F8 mai mako 6 zuwa 8. Muddin yana ciki ba a hawa jirgin sama, kuma mutum ba ya ganin komai sosai da idon, sai a hankali ganin ya riƙa buɗewa ta sama yayin da kumfar ke raguwa. Mai kuwa ba ya tafiya, sai an sake shiga an cire shi, yawanci bayan wata 3 zuwa 6.

Akwai kuma wata ƙaramar hanya, a yi wa ido allurar gas kawai ba tare da an kwashe komai ba, sai mutum ya karkatar da kansa kumfar ta toshe yagar. Amma sai yagar tana sama, sabuwa ce, kuma babu tabo.

Ɗan Yelwa:
Ni ɗamarar aka yi mini, bari in faɗi abin da na sani. Tun ina firamare gilashi mai kauri nake sawa, nesa ba na gani. A filin ƙwallo aka buga mini a ido, daga baya duhu ya fara ta gefe. Ba su shiga cikin idon ba sam. Wata 'yar roba ce ta silikon suka ɗinka a jikin farin ido ta waje, can ciki inda ba a gani, ta matso bangon idon ya haɗu da tantanin daidai wurin yagar, suka daskarar da wurin. Har yau tana nan, ba a cirewa. Gaskiya idon ya kumbura ya yi ciwo a farko, kuma lambar gilashina ta ƙaru. Amma ba a ce in kife ba, ba a hana ni tafiya ba.

Likitan Ido, Bauchi:
Haka ne ɗan samari. Matasa ruwan yauƙinsu yana manne da tantanin ƙam, ɓamɓare shi wahala ne, ga shi aikin ta ciki yana jawo yana da wuri, to wa zai so ya jawo wa ɗan shekara ashirin yana? Shi ya sa aka fi yi muku ɗamara. Wani lokacin ma haɗa biyun ake yi.

Injiniya, Jekadafari:
Likita, ka yi haƙuri, ni tambayata mai ɗan ɗaci ce. Mutanen da na sani a wajenmu da aka yi wa wannan aikin, kusan duk mai aka sa musu, sannan a ce su koma a cire. Tiyata biyu ke nan, kuɗin mota biyu, kuɗin masauki biyu. In dai gas yana tafiya da kansa, me ya sa ake ɗora wa talaka na biyun? Ba zargi nake yi ba, lissafi nake yi.

Likitan Ido, Bauchi:
Injiniya, tambayar a kan hanya take. Ka koma ka tambayi mutanen naka yaushe duhun ya fara, yaushe suka isa gaban mai aikin. Mutanenmu sai an gwada tozali, an gwada zuma, an ɗiga maganin kemis, an jira albashi, an jira a sayar da hatsi. Kafin a isa, tantanin ya yi tabo ya taurara. Irin wannan gas na mako 2 ba ya riƙe shi, sai abin da zai zauna watanni yana danne shi. Na biyu, gas yana son mutum mai iya bin umarnin kwanciya, mai iya komawa a duba shi akai-akai. Likitan da ya san majinyacinsa daga Nafada ko Kaltungo ya taso, kuma ba lallai ya sake ganin sa da wuri ba, dole ya sa wannan a lissafi. Na uku, wanda ido ɗaya gare shi, in ka cika masa shi da gas ka makantar da shi na makonni, da mai kuwa zai ɗan lallaɓa ya ga hanya. Yawan man da kake gani, jinkirin zuwa ne ya haife shi.

Injiniya, Jekadafari:
Na ji. Amma jinkirin ba laifin talaka kaɗai ba ne. Mutum yana Gombe, a ce masa cikin kwana biyu, alhali masu wannan aikin ba su da yawa a Arewa, sai an tsallaka jihohi. Kwana biyun ai a hanya da neman kuɗi za su ƙare.

Anti Nas, Wunti:
Wannan gaskiya ne Injiniya, ba mai musa maka. Amma akwai matakin da bai buƙatar tafiya mai nisa. Lokacin walƙiya da ɗige-ɗige, kafin duhu ya taso, sau da yawa yagar ce kawai, ruwa bai shiga ba. A wannan lokacin leza ta 'yan mintoci, mutum yana zaune a kujera, ta wadatar. Kuma gano ta ba ya buƙatar Kaduna. Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe yana da sashen ido, na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi yana da shi, ga asibitin ido na Makkah a nan Bauchi. A je a ce a ɗiga maganin buɗe ido a duba baya. Gwajin karanta haruffa a allo ba ya nuna yaga.

Abban Sadik, Bolari:
To ai ga mafita nan ta fito daga bakin Likita. Ɗan Yelwa ya ce ba a hana shi tafiya ba. In gas ne ke hana hawa jirgi, sai Maman Hanifa ta ce musu mai suke so ko ɗamara. A yi aikin wannan makon, Baba ya huta, ya bi jirginsa. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Alhaji na Bajoga:
Abban Sadik, yaro man kaza. Ni man aka sa mini, kuma ba zan so wa maƙiyina ya zaɓe shi don son ransa ba. Gani dishi-dishi, gilashin da nake da shi ya daina yi mini aiki. Aka hana ni kwanciya rigingine. Daga baya ƙarfin idon, wato matsin da ke cikinsa, ya hau, aka ɗora ni a kan maganin ɗigawa safe da yamma, yana kuma ta biyo baya. Alhamdu lillahi an cire, ina gani, amma wanda idonsa zai karɓi gas ya ce a ba shi mai saboda tikiti, wallahi ya yi ciniki mara riba. Kuma ka taɓa shiga ɗawafi? Gwiwar hannun wani kaɗai ta isa.

Likitan Ido, Bauchi:
Alhaji ya gama magana. Gaskiya ne mai mai a ido yana iya hawa jirgi. Amma ido ne ke zaɓar aikin da za a yi masa: inda yagar take, guda nawa ce, akwai tabo ko babu, an taɓa cire yana ko ba a taɓa ba. A gaya wa mai aikin maganar Umarar, hakkinsa ne ya sani, amma kada a matsa masa. Kuma makonnin farko su ne lokacin auna ƙarfin ido da duba ko tantanin ya sake ɗagawa. Kusan 8 zuwa 9 cikin 10 aiki ɗaya ke isar su, sauran kuwa sai an sake shiga, kuma wanda za a sake wa gara yana kusa.

Maganar jirgi da gas kuwa ba ta da sassauci. Iskar cikin jirgi in ya lula daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Kumfar sai ta kumbura, ƙarfin ido ya yi tashin gwauron zabo, jini ya kasa shiga, a rasa idon kafin a sauka. Sai likita ya duba ya ce gas ya ƙare tas.

Abban Sadik, Bolari:
Ni fa duk wannan abin tsoro yake ba ni. A huda ido wuri uku, a zuba gas? Anya ba gwaji ake yi da mutane ba?

Likitan Ido, Bauchi:
Aikin ya girme mu duka. A shekarun 1920 wani likita a Suwizalan, Jules Gonin, ya tabbatar cewa sirrin yana wajen toshe yagar, kafin shi kusan duk wanda abin ya sama makancewa yake yi. Ɗamara Ernst Custodis ya fara ta a Jamus a 1949. Aikin ta ciki Robert Machemer ya fara shi a Amurka a farkon shekarun 1970. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne masu yawo ƙauyuka suna tura yana cikin ido da tsinke, don su kam suna jawo ɓallewar tantanin da hannunsu.

Malam na Herwagana:
Bismillah. Maman Hanifa, ki gaya wa Yayanku da Baba: a mazhabarmu ta Malikiyya Umara sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, ba ta da ƙayyadadden lokacin da in ya wuce ta wuce. Ido kuwa amana ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Zamzam da addu'a ba su hana zuwa asibiti, a haɗa su. Wanda ya yi niyyar alheri uzuri ya tsare shi, ladan niyyarsa yana nan.

Likita, ni kuma ina da tambaya don masu tambayata. Na ji ana cewa wanda aka sa wa gas a kife yake kwana. Yaya sujada?

Likitan Ido, Bauchi:
Allah ya gafarta Malam, ba kowa ake kifarwa ba. Gas da mai duka sama suke tasowa, don haka ana juya kan mutum ne yadda yagar za ta zama ita ce a sama. Wani a ce ya kife, wani ya kwanta ta dama, wani ta hagu, wanda tasa ke can sama ma zama kawai zai yi da kai a miƙe. Yawanci kamar minti 45 zuwa 50 a kowace awa, na kwanaki har zuwa mako ɗaya. Don haka wani sujada ba ta saɓa wa umarninsa, wani kuwa za a ce ya dakata. A tambayi wanda ya yi aikin kafin a baro asibiti. Abin da kusan kowa ake hana shi: rigingine, ɗaukar kaya mai nauyi, da barin ruwa ya shiga idon.

Malam na Herwagana:
Madalla. To addini ya yalwata. Hadisin Imrana ɗan Husaini a fili yake: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Wanda aka hana sunkuyo sai ya yi nuni. Alwala kuma a yi shafa a kan bandejin, in ruwa zai cutar a yi taimama.

Maman Hanifa, Tumfure:
Allah ya saka da alheri. Yaya ya sauko, Baba ma ya yarda da ya ji maganar Malam. Da asuba za mu kama hanya.

Direba, Tashar Bauchi:
Allah ya tsare hanya Hajiya. Likita, wani abu ya faɗo mini. Mu in za mu dawo daga Kaduna ta Saminaka muke bi mu hau Jos, sannan mu gangaro Bauchi. Har kunne yakan toshe a hawan nan. Mai gas a ido fa?

Injiniya, Jekadafari:
Haba Direba, wannan kuma an kai shi nesa. Kaduna da Bauchi duk wajen mita 600 suke, Jos wajen 1,200. Bambancin mita 600 ne kawai, kuma a hankali mota ke hawa. Ina aka haɗa da jirgi?

Likitan Ido, Bauchi:
Lissafinka daidai ne Injiniya, bai kai jirgi ba. Amma tambayar Direba ba ta banza ba ce. A kwanakin farko, lokacin da gas ya cika idon, ƙaramin kumburi ma yana iya tayar da ƙarfin ido, musamman ga mai hawan ƙarfin ido tun asali. A gaya wa mai aikin hanyar da za a bi, shi ya san yawan gas ɗin da ya sa. In ana cikin hawa mutum ya ji ciwo mai tsanani, ɗan hasken da yake gani ya ɗauke, a juya a gangara, kada a ce bari a ƙarasa. Mambila kuwa, da ta haura mita 1,500, a manta da ita sai gas ya ƙare.

Direba, Tashar Bauchi:
To in haka ne akwai ta Zariya zuwa Kano, a bi Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, Alƙaleri. Ta fi nisa, mai ya fi ci, amma babu hawan Filato.

Ummi, Pantami:
Don Allah kafin a watse. Ni sikila gare ni nau'in SC, ba na yawan ciwo kamar masu SS, amma an taɓa ce mini in riƙa duba ido. Yana da alaƙa da wannan?

Likitan Ido, Bauchi:
Ƙwarai ƙanwata. A wajen ido masu SC sun fi masu SS shiga haɗari. Ƙananan jijiyoyin gefen tantanin ne ke toshewa, wasu marasa ƙwari su tsiro, su yi jini ko su ja tantanin. Masu ciwon suga da ya daɗe ma haka, nasu sau da yawa ja ne ba yaga ba. Ki je a buɗe idon a duba a kalla sau ɗaya a shekara ko ba kya jin komai, kuma duk ranar da za a yi miki aikin ido ki faɗi cewa ke SC ce tun kafin a tambaya, don yana canza shirin mai aikin.

Anti Nas, Wunti:
Maman Hanifa, in ba ki kwanta ba: ku tafi da takardar turawar, da duk magungunan da Baba yake sha a cikin kwalayensu, musamman in akwai na tsinka jini. Ku ce a duba idon hagu ma, don wanda ɗaya ya ɓalle masa ɗayan yana cikin haɗari, in an ga wuri mai rauni a yi masa leza tun kuna can. In gas aka sa, kada ku baro sai an rubuta muku sunansa da ranar da aka sa a takarda, Baba ya riƙa yawo da ita a aljihu. Ko wani asibitin ya je don wata tiyatar daban a nuna wa mai sa barci, saboda akwai iskar sa barci da ke kumbura gas ɗin cikin ido.